Gurbin Yatsan Baba

Mahaifinmu Manasse shi ne ya fara ƙera farantin parabol, mai kamo tashoshin talabijin, a Madarumfa. Bai yi lakkwal ba, ko aji ɗaya na boko, amma ya gina tudun siminti a bayan gida, mai siffar ƙoƙon da aka kife, ya goge shi har yana sheƙi. A kansa ake shimfiɗa fatar alminiyam, a zuba gam da zare, ya bushe, a ɗaga faranti. Ranar da ya gama tudun, simintin da sauran danshi, ya danna babban yatsansa a jiki, kamar taƙi guda daga tsakiya. Duk farantin da ya fita gidanmu da ɗan ƙullutun nan yake fita, kuma ba wanda ya taɓa kawo kuka.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Ni Barnabas na gaji aikin, amma har yau ba na son juya wa tudun baya. In ina guga da rana tsaka, sai in ji kamar an tsaya bisa kaina ana duba hannuna. Mahaifiyarmu Mama Yabo kuwa ba ta ɓoye nata ba. Kowace safiya takan sa yatsanta cikin gurbin, ta gaya wa Baba wanda ya haihu da wanda ya mutu.

Sai ga ƙanwata Esther daga Yamai, injiniya, da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka da baki kamar reza. Aikin da ta zo da shi na haɗa ɗakin shan magani na wani ƙauye a ƙetaren tabki ne da asibitin gari, don likita ya riƙa ganin mara lafiya in damina ta yanke hanya. Eriyarta faranti biyu ce: babba, da ƙarami kamar marfin kwano a gabansa yana kallonsa. Saƙo ya bugi babba, ya koma kan ƙarami, ƙaramin ya tura shi cikin bututu a tsakiya. Ta auna tudun Baba kwana biyu, ta ɗago da hawaye.

"Yaya, tsohon nan bai kuskure ko'ina ba. Sai wuri guda."

"Ke dai kin cika neman magana. Farantinmu nawa ke bisa rufin mutane?"

"Wannan na talabijin ne. Tawa igiyar saƙon, tsawon milimita huɗu gare ta, kamar ƙwayar dawa. Ƙullutun ga dutse ne a gare ta."

Na yi mata faranti guda don in ƙaryata ta. Muka kafa shi bakin tabki, ta kunna na'ura. Saƙon ya iso a raunane, kuma a allon ordinatar, gefen layin da ya kamata ya miƙe, ga wani ɗan tudu ya taso. Na san shi tun kafin ta yi magana. Na ce mata ta rufe abin.

Kada a ce Esther ba ta da zuciya. Sati uku ta yi tana sake zane don ta ceci gurbin. Ƙaramin faranti yana jefa inuwa a tsakiyar babba, abin da ke cikin inuwar kuma ba ya ɓata komai. Ta faɗaɗa shi har inuwarsa ta rufe yatsan, sai ya tare hanyar saƙon da yawa. Ta matso da shi, ta nisanta shi, lissafi ya ƙi. Na kankare ƙullutun a jikin faranti, fatar ta yage. Muka cika gurbin da kakin zuma, zafin gam ya narkar da shi. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas, masu kwalekwale na cewa saura kwana kaɗan.

Ni na kasa gaya wa Mama cewa sai an cike gurbin da siminti. Ita ta same mu tsaye a kan tudun, na riƙe ƙoƙon kwaɓaɓɓen siminti har ya fara daskarewa.

"Mi kuke jira?" ta ce.

"Mama, in an cike, ba ya dawowa," in ji Esther.

"Na sani. Ina jin ku tun shekaranjiya." Ta dube ni. "Ba ni nan. Ba ɗan da za shi shafe hannun ubanshi ina da rai."

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗiba da yatsa, ta cike gurbin, ta lallaɓe shi kamar mai shafa wa jariri mai. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, kuma ban ji kunya ba.

Bayan kwana shida muka kafa sabon faranti. Fuskar ma'aikaciyar ɗakin shan maganin ƙetare ta fito tar a allo, tana dariya tana ɗaga hannu. Masunta suka taru suna tafi. Esther ta gode musu, ta naɗe wayoyinta, muka tako gida.

Mama na zaune a tsakar gida tana tsince wake.

"Ya yi?"

"Ya yi, Mama. Babu ko alama."

Ta ajiye faifan a ƙasa, ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"To," ta ce. "Yau ne na zama gwauruwa."