Ƙuri'a Ɗaya Tak

Shekara tara Hafsatu tana kora jakai zuwa rijiya mai nisan kilomita bakwai. Don haka da aka ce meri, wato hukumar gari, za ta haƙa foraj guda, rijiyar burtsatse, kuma jama'a ne za su zaɓi wurin ta wayar salula, ita ta fi kowa rawar kai. Ƙauyensu, Tudun Rabo, da Zangon Uwale ne ke takara. A latsa ɗaya, Tudu. A latsa biyu, Zango.

Waya ɗaya ce mai aiki a duk Tudun Rabo, ta mai gari, kuma rezo, sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a kan jigawa. Hafsatu ta bi gida gida ta tattaro mutane ɗari da goma sha huɗu, har da tsofaffin da aka ɗora a amalanke. Suka yi layi a rana, kowa ya latsa ɗaya ya miƙa wa na baya.

Ana gamawa sai ga Rhissa, surukin mai gari, mutumin Zango, ya iso a kan raƙumi. A Tudun Rabo ba a cin komai a bar baƙo yana kallo, ko da ƙuri'a ce. Hafsatu da kanta ta miƙa masa wayar.

"Latsa taka, baƙonmu. Guda ɗaya mi za ta rage mu da shi?"

Ya latsa biyu, aka yi dariya.

Ranar kasuwar Dakoro ta je meri jin sakamako, har da sabon zane. Sakatare ya karanta: Zango bakwai, Tudu sifiri.

Hafsatu ta zabura. "Sifiri? Malam, mu ɗari da sha huɗu muka latsa! Da idona!"

"Da wayoyi nawa, Inna?"

"Guda."

Sakataren ya ajiye takardar. "Injin ƙirga, nimeron waya yake ƙirgawa, ba mutum ba. Nimero guda, ƙuri'a guda. Kuma wadda aka latsa ta ƙarshe ita ya riƙe."

Hafsatu ta shiga lissafi. Wayoyi shida ne a Zango, kowa ya sani.

"To ta bakwai ɗin hwa?" ta tambaya.

Sakatare ya juyo mata da allon injin. Lambar wayar mai garinsu ce.