Gwaggo Atu Ta Wanke Madubi

Madubin ba nawa ba ne. Na Malam Abdulganiyyu ne, wanda ya koya mana kimiyya a sakandare a Tambuwal. Inci biyar, mai ɗan kwarmi kamar faranti. Da hannunsa ya goge gilashin tun kafin a haife ni. Ni na saka shi a gindin bututun roba, na ɗora kan ƙafafun katako, na ɗaure wayar salula a bakin leƙawa da robar tayar keke, ya zama abin hangen taurari. Mutanen garinmu Kebbe suna ce masa igwar Gazali. Wasu sun ce mata nake leƙe da shi. Da ma.

Malam ya yi ritaya. Ranar Juma'a zai kwashe kaya ya koma garinsu. Ya kafa mini sharaɗi.

"Ƙasan taurari ukun nan da ke jere a layi akwai wani hayaƙi," in ji shi. "A tsakiyarsa za ka ga tauraro guda. Ba guda ba ne, huɗu ne. Kawo mini hoto in ƙirga huɗu, madubi ya zama naka. In ka kawo mini dunƙule, mota zai bi ni."

Abu ɗaya garinmu ya fi birni da shi, duhu. Ba ma shan wahalar samunsa. Damina ta wuce, sama ta wanku, kullum kafin asuba ina masussukar bayan gida. Tauraro ba ya tsayawa a yi masa hoto. Ka saita shi, ya sulale, ka turo bututu da hannu, ka sake. Hoto ɗari biyu nake ɗauka, manhaja ta jera su kan juna su zama ɗaya.

Uku nake samu. Na huɗun ya maƙale wa ɗan'uwansa.

Jawo hoto da yatsa ba ya raba taurari, dunƙulen kawai yake ƙara girma. Faɗin madubi da lafiyar fuskarsa su ke rabawa. Faɗi ba yadda zan yi da shi. Na leƙa fuskar, na ga kashin ƙuda da sawun gizo. Ranar Laraba na kwance shi, na wanke da ruwan sama da na ajiye a kwalba, ina ɗiga masa auduga a hankali. Abin da ke ƙyalli a kansa shafe ne, bai kai kaurin fatar albasa ba. Na jingina shi a inuwar rumfa ya bushe, na tafi kasuwa cajin waya.

Na manta kashegari sunan ɗan Sharifa ne, matar yayana. A gidanmu jajibirin suna duk abin da aka yi da ƙarfe ko tangaran sai ya sha toka da yashi. Gwaggo Atu, ƙanwar babana, ita ce sarkin wannan yaƙi. Ta taɓa goge buta har ta huje.

Da na dawo, madubi yana kife a layin murafan tukwane.

"Gwaggo, mi kinka yi mai?"

"Wanke shi ni yi, ɗan nema. Na ga kana lallaɓa shi da abduga kamar ɗuwawun jinjiri. Haka aka wanki?"

Na juyo shi. Fari fat, kamar idon kifin da ya kwana. Zane kan zane, a zagaye, da tsari. Aiki ne na ƙwararriya.

"Da mi?"

"Toka. Inda ya yi gardama ni sa yashi. Wani baƙi-baƙi ya yi ta fita, sai da ni canza ruwa sau ukku."

"Wanga baƙin shi na madubin."

"To ai ka huta da shi."

Matan da ke tankaɗe suka kwashe da dariya. Sharifa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Gazali, ka ce ma Gwaggo an gode mana." Na ce an gode. Me zan ce? Ita ta goye ni.

Duk da haka na mayar da shi cikin bututu. Asubar Alhamis na ɗauki ɗari biyuna. Manhaja ta yi ta juyi, ta fito mini da wani abu kamar koko ya zube a baƙar tabarma. Ba huɗu, ba uku, ba ma ɗaya.

An raɗa suna, an ci nama. Ni ina bayan ɗaki ina sauko da hoton hayaƙin nan daga intanet. Na zaɓi wanda ya fi muni, na rage masa haske, na karkata shi kaɗan don ya yi kama da aikin talaka.

Juma'a da hantsi na hau kabu-kabu zuwa Tambuwal, madubi a nannaɗe cikin tsohuwar riga. Na tarar ana ɗaure katifa a saman mota. Malam yana zaune kan akwati. Na gaishe shi, na miƙa waya.

Ya ɗaga tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Masha Allah. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ga wasu ƙanana ma a gefe, kyauta." Ya miƙo mini. "Gazali, madubin da ya ɗauki wannan ya fi ɗakinka faɗi. Ina nawa?"

Na kwance rigar.

Bai yi salati ba. Ya karɓa, ya karkata shi ga rana, ya bi zanen da farce.

"Wa?"

"Gwaggona."

"Da me?"

"Toka da yashi."

"Wata bakwai na yi ina goge wannan gilashi," ya ce. "Ita fa?"

"Tsakanin azahar da la'asar."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, har da tari, har direba ya leƙo.

"Ba ka cika sharaɗi ba," ya ce da ya samu numfashi. "Ka kuma yi mini ƙarya, ƙaryar ma ta rago. Amma ba zan ɗauki murfin tukunya in kai garinmu ba."

Ya sa aka sauke wani kwali da an riga an ɗaure, direba yana tsaki. Ya ciro gwangwanaye huɗu na garin guga, daga mai tsakuwa zuwa mai laushi kamar hoda, da wani gilashi mai kauri da ake murzawa a kai.

"Zanen ya shiga gilashi. Sai ka koma farko. Wata bakwai in kana da haƙuri, kai kuma ba ka da shi, ka ce shekara. In ka gama ka kira ni mu yi maganar shafe. Ɗauki abinka."

Nawa ne yanzu. Ba ya nuna ko hancina.

Na iso gida bayan la'asar. Gwaggo Atu tana bakin zaure tana sallamar 'yan suna da suka kwana. Ta ga ƙunshin a hammatata.

"Ka kai ma malamin naku?"

"Na kai."

"Ya gani? Mi ya ce?"

"Ya ce bai taɓa ganin aiki irin wanga ba."

Ta gyara ɗaurin zane, ta dubi baƙinta ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko. Shi da ya yi boko."