Bangon Ɗaki Na Shida

Wata uku ke nan da Kawu ya danƙa mata makullan gidan hayarsa, ya ce tunda ta yi digiri a harkar kasuwanci, ta zo ta nuna abin da aka koya mata. Abin da ta nuna kawai shi ne ɗaki na shida ya yi sati bakwai babu kowa a ciki.

Masu nema suna zuwa, bakinta ne ke korar su. Ita da ko gaisuwa sai ta yi bitarta a zuci kafin ta furta, amma da an ce mata "Akwai wata matsala?" sai gaskiya ta ɓalle mata. Bangon da ke jikin banɗaki yana tsattsafo da ruwa. Mutum huɗu ta faɗa wa haka, duk suka yi mata godiya suka kama gabansu.

"Ke mai kula da gida ce ko mai gadin kango?" in ji Kawu. "In ɗakin nan ya wuce Asabar, dillali zan ba makullan. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki buɗe taga su ga haske, ke kuma ki tsaya a gaban wurin. Shekara ashirin haka nake yi."

Ya sa aka shafe tabon da farin fenti ranar Juma'a.

Ranar Asabar wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya ta zo. Tun kafin matar ta cire takalmi, mai digiri ta buɗe taga, ta ruga ta jingina da bango, ta harɗe hannu. Wani sanyi ya ratsa bayanta. Nan ta gane abin da jami'a ba ta koya mata ba, fenti ba ya bushewa a jiƙaƙƙen bango.

Matar ta duba ƙofa, ta ƙwanƙwasa silin da sandar tsintsiya, ta leƙa banɗaki.

"'Yata, zo ki kunna min famfon nan."

"Mama, hannun dama ake juya shi."

"Ƙafarki ce ke ciwo?"

"A'a, Mama. Ina jin daɗin nan ne."

Matar ta saukar da tabarau ta dube ta. "Na yi shekara talatin ina kallon masu ɓoye ciwo. Matso in gani."

Ta matsa. Rigarta ta rabu da bango da ƙara kamar an yage takarda. A jikin fentin ga hoton bayanta nan sak, har da kafaɗu, ruwa na naso a tsakiya.

Matar ta yi dariya har ta dafa taga. "Wa ya koya miki wannan?"

"Kawuna," ta ce, idonta a ƙasa. "Bututu ne ya fashe a ciki."

"To gwara ke, ba ki iya ba. Zan kama ɗakin, amma a fasa bango a canja bututun kafin in tare. Rubuta, ki sa hannu."

Ta rubuta, ta sa hannu. Daga nan ta kira Kawu a waya.

"An kama ɗaki."

"Madalla! Riƙe makullanki. Ai na faɗa miki, sana'a gado ce."

"Haka ne, Kawu." Ta dubi takardar alkawarin fasa bangon da ke hannunta. "Kana zaune ne ko kana tsaye?"