Tsumman Kyanwa

Wani wa ne ya ci amanar ƙanensa, kuma da tsumma ya ci ta.

Shekara goma sha tara yana kiwon ɓerayen ɗakin bincike, yana sauya musu shimfiɗa, yana cika kwalaben ruwa, yana raba maza da mata. Shi ya yi ta roƙo har aka ɗauki ƙanen aiki. Yau ƙanen ake kira Dakta, shi kuwa har gobe Mai Ɓera.

Dakta ya cire wa wasu ɓeraye ƙwayar gado guda, wadda ke gina wa ƙwaƙwalwa wurin karɓar saƙon tsoro. Ɓera in ya ji ƙara sandarewa yake yi a lungu. Na Dakta kuwa tsakiyar keji suke yawo kamar masu gida. Ranar Alhamis manya za su zo su gani da idonsu, su yanke ko aikin zai ci gaba ko a rufe shi.

"Yaya, a taya ni da addu'a," in ji Dakta.

"Ai kai ka wuce addu'a. Ka cire wa ɓera tsoro, saura ka cire wa mutum kunya."

Dakta ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Ran Talata Mai Ɓera ya je gaishe da mahaifiyarsu. Ko zama bai yi ba ta ce, "Autana zai yi magana gaban manya. Kai kuma ka share masa ɗakin da kyau, kar ka ba shi kunya."

"To, Inna," ya ce. Idonsa ya sauka kan kyanwarta, kwance bisa wani tsohon tsumma. Ƙara daban, kyanwa daban, ya raya a ransa. Ba a haifi ɓeran da zai ji warinta bai firgita ba. Da ya tashi tafiya, tsumman na aljihunsa.

Laraba da rana, kowa ya fita cin abinci, ya cusa shi bayan kejin Dakta, inda fanka ke hurawa. Bai tuna cewa iskar har layin nasa ɓerayen take kaiwa ba, waɗanda yake kiwo tun kakannin kakanninsu.

Da manya suka shigo ran Alhamis, nasa na cure a lungu, ko abinci ba su taɓa ba. Uwaye uku sun cinye 'ya'yansu don firgici. A kejin Dakta kuwa, wata 'yar ɓera ta jawo bakin tsumman ta tsakanin waya, ta yayyaga shi ta yi sheƙa, tana ta sharar barci.

Shugabar ɗakin ta zaro farin gashi daga sheƙar, ta ɗaga shi a haske.

"Gashin kyanwa ne. Dakta, kai ka shirya wannan gwajin? Ai ya fi duk abin da ka rubuta!"

Dakta ya matso kusa da kejin. Koren furen da ke jikin tsumman yake kallo.

"Yaya," ya ce a hankali, "wannan ai tsohon zanen Inna ne."

Aka ƙara wa aikin Dakta shekara biyar. Mai Ɓera kuwa aka karɓe farar rigarsa da makullin ɗakin, aka kore shi kafin a tashi aiki.