Almakashin Marigayi Cyril Bebb

Cyril Bebb ya mutu ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya gasar furanni. Mutanen garin Aldcott sun ce bai kyauta ba, amma ƙasa-ƙasa suka faɗa.

Ya bar mata ɗaya, Muriel, da shukar waken ƙamshi ɗari biyu a bayan gida, kowace a ɗaure jikin sandar gora kamar kurata a fareti. Waken ba a cinsa, furensa ake so. Shi kuwa furen yana da hali. Sai an yanke shi kullum safiya. In aka bar shi ya yi 'ya'ya, shukar ta ɗauka ta gama abin da ya kawo ta duniya, ta daina fure. Saboda haka shekara arba'in da ɗaya Muriel ba ta ga teku da bazara ba, alhali ƙanwarta Dilys tana Barmouth, da ɗakin baƙi mai kallon ruwa.

"Litinin, Yaya," in ji Dilys a waya. "Juma'a a binne shi, Asabar ki yi kuka, Lahadi ki haɗa kaya."

"Ke dai ba ki da kunya."

"Ai ke kika kwashe ta gidanmu duka, ba ki rage mini ba. Jirgin ƙasa na ƙarfe tara. Zan tsaya a tasha."

Muriel ta ce to. Ta daɗe ba ta faɗi to ɗin da ya kai zuci irin wannan ba.

Laraba 'yan ta'aziyya suka zo. Mista Preece, shugaban kwamitin furanni, da Mis Enid Pugh sakatariya, tsohuwar malamar makaranta wadda ta haddace littafin dokokin gasa fiye da yadda ta haddace addu'a. Mista Preece ya zaɓi kujerar da ke fuskantar taga.

"Babban rashi, Misis Bebb," ya ce, idonsa a lambu. "Kara inci goma sha takwas, miƙe sambal, fure huɗu a kai. Ba za mu sake ganin irinsa ba."

Muriel ta zuba masa shayi. Ba ta tabbatar ta'aziyyar wa ake yi ba.

Sai da ya ci biskit uku ya kai ga abin da ya kawo shi. Shekara tara kofin gasa yana Aldcott, duk albarkacin Cyril. In furanninsa ba su shiga bana ba, kofi ya tafi Brimley, wurin mutanen da ake raɗe-raɗin suna cusa waya a cikin kara don ya miƙe.

"Da ni zan yanka, da tuni," ya ce. "To, ga doka."

"Doka ta bakwai," in ji Mis Pugh. "Mai shuka ne zai yanka, ko mai kwana a gidansa. Hannun bare ya taɓa, an fita daga gasa."

Mista Preece ya ce, "Abu kaɗan ne, Misis Bebb. Ƙarfe shida na safe, tun rana ba ta taɓa su ba. Ki yanke daga gindi, a karkace. Ki tsoma a ruwan sanyi nan take. Ki tsinke 'yan zaren nan da suke naɗe kara. Sai sito, inda ba haske. Kwana goma kacal."

A Aldcott ba a cewa a'a. Ana cewa an gode, sannan a koma gida a tsani mutum har kabari.

"Kun kyauta da kuka tuna da ni," in ji Muriel.

Alhamis ta shiga lambun. Cyril bai taɓa barinta ta wuce igiyar shanya ba, don haka ta shiga kamar mai shiga ɗakin wani. Ta bi layi-layi ta yanke duk abin da ya nuna launi, ja da fari da shuɗi, ba ta bar ko ɗaya ba. Bokiti tara. Lissafinta mai sauƙi ne: babu fure, babu gasa, kuma babu mai iya buɗe baki ya ce matar mamaci ta yi wa mijinta ado da yawa.

Juma'a ba a ganin akwatin gawa don fure. Ƙamshi ya cika coci har Rabaran ya yi atishawa a tsakiyar huɗuba. Mazan kwamiti suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye, suna auna kara da ido.

A bakin kabari Mista Preece ya riƙe hannunta da nasa biyu. Hawaye ne a idonsa, na gaske.

"Haka marigayi yake yi. Mako guda kafin gasa a share su tas, sababbin su fito da ƙarfinsu. Ban san ya koya miki ba."

"Ni ma ban sani ba," in ji Muriel.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Asabar ta wuni ba ta leƙa taga ba. Safiyar Lahadi ta leƙa, ga su nan sun fara buɗewa, sun fi na da tsawo, sai ka ce da gayya. Akwatinta yana kan gado a buɗe, rigar ruwa ɗaya a ciki.

Bayan an taso daga coci Mista Preece da Mis Pugh suka biyo, wai su ga yadda take. Rana ta take tsaka.

"Kin yanka da safe?" in ji Mista Preece.

"Na manta. Bari in yi yanzu, tunda kuna nan ku gyara mini."

Ta fito da almakashin kicin, wanda take gyara kifi da shi. Ta kama kara ta datse shi ɗan yatsa ɗaya ƙasa da furen. Mista Preece ya yi wani sauti a maƙogwaro.

"Daga gindi, Misis Bebb."

"Au. Haka?" Ta datse na biyu a tsakiya, ta murɗe shi da bai cire ba.

Ta tara guda shida a hannu, ta matse su kamar alayyafo. Ta shiga kicin, suna biye da ita, ta wanke kwalbar jam ɗin shafa wa burodi sama-sama, ta juye sauran ruwan ɗumin butar shayi, ta cusa su. Ta ajiye kwalbar a kan taga inda rana ta fi duka, jikin kwanon tuffa.

"Tuffa," in ji Mista Preece a hankali. "Numfashinta yana zubar da fure. Kafin gobe..."

"Ashe? Ai sun yi kyau tare."

Suka koma lambu. A ƙarshen layi na uku akwai kara ɗaya mai fure biyar, irin wanda mutum kan shekara ashirin bai gani ba. Muriel ta gan shi tun safe. Ta nufe shi ba sauri, tana buɗe almakashin kifi tana rufewa.

Almakashin Cyril yana rataye a ƙusa jikin rumfar kayan aiki, a goge, a shafe da mai. Mista Preece bai san lokacin da ya ɗauko shi ba. Ya sha gabanta, ya durƙusa a kan wandonsa na coci, ya yanke karan daga gindi, a karkace, yadda ake so. Da hannu ya ji daɗi sai ya yanke na kusa da shi, da na gaba. Ya kai rabin layi kafin Mis Pugh ta yi gyaran murya.

"Mista Preece."

Ya dubi hannunsa.

"Enid, don Allah. Aji ɗaya muka yi."

"Shi ya sa na san ka iya karatu."

"Babu wanda ya gani."

"Ni bishiya ce?" Ta riga ta buɗe jaka tana laluben alƙalamin da za ta soke furannin Cyril daga gasa.

"Laifina ne," in ji Muriel. "Ni ban iya ba. Ku shigo a sha shayi."

Ba su shiga ba. Mista Preece ya tafi da karan mai fure biyar a hannu, yana tare masa rana da hularsa.

Litinin ana ruwa a Barmouth, irin mai zuwa a kaikaice. Dilys ta ce su wuce gida. Muriel ta ce a fara kai ta bakin teku. Suka zauna a kan benci jiƙaƙƙe, ba kowa sai su, teku toka-toka yana warin kifi.

"To, ga shi nan, Yaya. Shekara arba'in da ɗaya. Ya biya?"

"Bai kai yadda kike faɗa ba."

"Mu tafi gida ke nan?"

"A'a," in ji Muriel, ta gyara zama.