Takardar da Ba Ta Ce a Buɗe Ba

Habibullahi yana goge allon buro, wato ofishin kwamiti, da gefen rigarsa ya ji kukan shanu daga bakin kasuwa, sai ya yi murmushi. Jaye makiyayi ya iso ke nan.

Allon nan shi ne abin alfaharinsa. Tun da guguwar Taron Ƙasa, wadda ta kawo mulkin zaɓe, ta iso Tsamiyar Iro, wani gari tsakanin Agiye da Gazawa, mutane suka ɗaga hannu suka zaɓe shi magatakardan kwamitin ruwa, shi da yake malamin lakol, wato makarantar boko, ana kiransa Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ya samo katako ya zana bututai bakwai da suka fito daga tankin garin, kowanne da ƙusa a bakinsa. Jan marfin kwalba a ƙusa yana nufin an rufe, kore kuwa a buɗe yake. Makon jiya kwamiti ya soke tsohuwar dokar da ta hana shayar da dabbobi a kwamin kasuwa, shi da hannunsa ya cire ja ya rataya kore, ya sa aka yi shela har rugage. Ko matarsa Hamdiya, wadda kullum sai ta ratsa gari da bokiti saboda famfon unguwarsu ya yi shekara uku da lalacewa, sai da ta ce masa, "Mushe, shanu ma sun samu 'yanci, saura mu."

Ya fito da sauri, yana shirya jawabin maraba a ransa. Jawabin bai kai bakinsa ba.

Shanu arba'in da maruƙansu sun kewaye kwamin suna lasar siminti. Babu ɗigon ruwa, sai yashi da busassun ganyen bishiyar bedi. Jaye, dogon makiyayi mai farar ƙasumba, yana tsaye ya rataya sanda a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Mushe, kai ka aiko a ce muna ruwa ya dawo?"

"Ni ne, Baba Jaye."

"To ga mu. Jiya da hantsi muka wuce rijiya ta ƙarshe, ba mu tsaya ba, don maganarka. Manyan su iya jurewa har gobe. Waɗanga," ya nuna maruƙan da suka kwanta suna haki, "ba su komawa da ƙahwarsu."

Habibullahi ya matsa kusa da kwamin. Bazara ce, rana ta take tsaka, 'yan kasuwa kuma sun fara taruwa, domin ba a rasa masu kallo a inda malami zai ji kunya. Ya murɗa famfon kwamin, ya buga shi da dutse, ya kara kunnensa. Shiru.

"A buro dai a buɗe yake," ya faɗa, shi kansa ya ji yadda maganar ta fito.

"To a kai shanun buro mana," in ji wani mai sayar da goro. Aka kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ne ya san cikin bututan garin, wato Haladu mai gadin tanki, wanda ya riƙe makullin tun ranar da aka kafa shi. Habibullahi ya same shi a inuwar tankin yana tufka igiya, hankali kwance kamar babu saniyar da ta taɓa jin ƙishi a duniya.

"Baba Haladu, bututun kwami ya toshe ne?"

"Lahiya lau yake. A ruhe dai yake."

"A rufe? Wa ya rufe shi?"

"Ni."

"Yaushe?"

Haladu ya ƙirga a yatsu. "Damina huɗu ke nan."

"Haba Baba! Ba ni na zo har nan na karanta maka takarda cewa an soke dokar ba?"

"Ka karanta, Mushe, da murya mai daɗi ma." Tsohon ya ajiye igiyar, ya shiga ɗakinsa ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. Bai iya karatu ba, amma kowace takarda ya san ta da kamanninta, kamar yadda Jaye ya san shanunsa. Ya zaro ɗaya da ta yi jawur. "Wagga ta ce, Haladu, ruhe. Na ruhe." Ya zaro sabuwa fara. "Wagga taka ta ce an soke waccan. To, na ji, Allah ya jiƙanta. Nuna mani wurin da ta ce, Haladu, buɗe."

Habibullahi ya karɓi takardar, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya sake. Shi ya rubuta ta, ya ma ƙawata ta da kalmomi irin na rediyo. Babu wurin.

"Amma Baba, soke dokar ai shi ne buɗewa."

"A buro. Ƙarhe kuwa bai je taronku ba. Inda hannu ya bar shi, nan yake kwana."

"To da ka ga babu ruwa, me ya hana ka murɗa kawai?"

Fuskar Haladu ta sauya. Ya ce a shekarar da aka kafa dokar, wani makiyayi ya zo da raƙuma a galabaice, tausayi ya kama shi ya buɗe masa ba da takarda ba. Shugaban kwamiti na lokacin ya karɓe makullin wata uku, ya tsayar da shi gaban jama'a ya kira shi ɓarawon ruwa. "Da hurhurata, Mushe. Ranar na yi rantsuwa, in ba takarda mai tambari ba, ba ni buɗewa ko gobara ake."

Haushin Habibullahi ya narke, tausayi ya maye gurbinsa, da kunya kuma, don shi ne bai ƙarasa aikinsa ba. Bai tsaya wata gardama ba. Ya tattare riga ya sheƙa da gudu, malamin lakol guda, ya ratsa ta tsakiyar masu tattasai da masu tabarmi, takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi a nan. A buro ya yagi takarda ya rubuta layi ɗaya tak, mafi gajartar rubutun da ya taɓa yi tun da aka zaɓe shi, ya hura wa tambari iska ya danna. Da ya juyo zai fita, idonsa ya faɗa kan allon, korayen marafai bakwai suna ƙyalli. Ya kawar da kai.

Haladu ya shafa tambarin da babban yatsa, ya ce a karanta masa.

"Haladu, buɗe bututun kwami."

"Yawwa! Yau ka yi Hausa."

Sai dai makunnin bututun yana cikin rami bayan tanki, yashin shekara huɗu ya binne shi. Mai goron da ya yi ba'a shi ya fara kawo shebur. Aka tone, aka sa makulli, ƙarfe ya ce bai san zancen ba, tsatsa ta cinye shi. Ƙarti uku suka taru a kansa, ko motsi. Nan matar Jaye, wadda ta zo kasuwa da ƙwaryarta, ta ture maza ta durƙusa, ta kwashi man shanu ta cusa a wuyan ƙarfen.

"Shanu ke son ruwan," in ji ta, "to su biya da nasu."

Aka jira kaɗan man ya ratsa. Haladu ya yi bisimilla, Jaye ya kama gefe, Habibullahi ya kama gefe. Ƙarfen ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya juya.

Bututun ya yi tari, ya tofar da jan ruwa mai laka, sannan fari tas ya biyo baya. Shanun sun riga mutane ji. Kafin a zagayo kasuwa sun cika kwamin, Jaye yana ratsa su yana kiran kowace da sunanta, yana ɗaga maruƙa yana kai bakinsu ga ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Habibullahi ya tsaya da takalmi ɗaya, rigarsa duk man shanu, yana dariya har da hawaye. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko ranar da aka zaɓe shi.

"Mi yetti, Mushe, na gode," in ji Jaye. "Maganarka ta makara, amma ta iso."

Da la'asar ya koma gindin tanki ya zauna kusa da Haladu. Gwangwanin yana nan a buɗe, sai ya lura da sauran jajayen takardu a ciki.

"Baba, waɗannan fa?"

"Na ruhewa ne su ma. Ukku." Haladu ya jera su a kan tabarma. "Wagga ta bayan lakol ce. Wagga ta mahauta. Wagga kuwa ta unguwar gabas, an ce a ruhe kwana biyu za a yi gyara. An yi gyaran, mai takardar aka yi mai canjin wurin aiki."

Habibullahi ya ɗauki ta ukun a hankali. Unguwar gabas ita ce unguwarsu.

"Famfonmu ba lalacewa ya yi ba?"

"Wa ya ce? Sabo hul ne."

"Shekara uku, Baba! Kullum Hamdiya ta nan take wucewa da bokiti, tana gaishe ka."

"Tana gaishe ni, yarinya mai ladabi. Ba ta taɓa zo mani da takarda ba."

Daidai nan sai ga ta ta ɓullo daga kwanar kasuwa, bokiti cike a ka, tana tafiya a hankali kada ya zube. Ta hango su ta ɗaga hannu.

Habibullahi ya laluba aljihu, ya ji tambarin yana nan. Ya juya bayan tsohuwar takardar ya ɗora a gwiwa.

"Baba, rage murya," ya ce, yana rubutu da sauri. "In ta tambaya, ka ce yau aka gyara."

Haladu ya miƙo hannu yana jiran takardar.

"Wannan ma sai ka rubuta, Mushe."