Yadda Aka Turara Shagon Zeinabou

Zeinabou ba ta taɓa buɗe shago ba tare da ta turara shi ba, kuma ta rantse ba a kan na uku za ta fara ba.

Gado ta yi. Mahaifiyarta, Inna Hannatou, mai turaren wuta ce a Kasuwar Dole ta Damagaram, kuma ita a wurinta shagon da hayaƙi bai zaga shi ba kango ne, ko da an cika shi da kaya har rufi. Da za ta rasu ta bar wa 'yarta kwalba guda ta haɗin hannunta. Da shi Zeinabou ta turara rumfarta ta Yamai, da shi ta turara ɗan shagonta na Al Ras a Dubai, tsakanin mai kayan yaji da mai buhunan shinkafa. Yanzu abin da ya rage a gindin kwalbar bai wuce cokali biyu ba. Ta san haɗin sarai, don ita ke daka wa Inna tun tana yarinya, amma ba ta taɓa gwadawa ba. Tsoro take ji ya fito daban.

Shago na uku kuwa na intanet ne. Ɗalhatu ne ya gina mata shi a shekarar 2019, wani injiniya Bakano da ke zaune a Al Karama, mijin ƙawarta Najiba. Ranar da ya zo nuna mata, Najiba na tare da shi, ta leƙa wayar, ta ga kwalabenta sun yi sahu suna ƙyalli, ta yi guɗa har mai shinkafa ya leƙo. Sannan ta ce, "To, Injiniya, ina shagon yake?"

"Ga shi a hannunki, Hajiya."

"Wannan wayata ce. In ta faɗa ruwa shagon ya nutse ke nan? Kai Bakano, ka daina yi mini wayon Kanawa. Ina yake kwana?"

Ɗalhatu ya yi dariya ya ce Damagarawa dai sai an nuna musu da yatsa. Ya bayyana mata cewa akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, Marisal, inda kamfanoni suka fi awaki yawa saboda ba a karɓar haraji daga baƙi. Kwanan nan aka ja musu wayar intanet ta ƙarƙashin ruwa, kamfanin da yake wa aiki ya gina wani gida mai sanyi ya cika shi da na'urori. Shagonta yana cikin ɗaya daga cikinsu, a durowa ta sha bakwai. Shi kansa mako mai zuwa zai je can aiki.

"Alhamdu lillahi!" in ji Zeinabou. "Ashe yana da ɗaki!"

Kafin ya gane inda ta dosa, ta naɗe kwalbar a cikin tsohon mayafin Inna, shuɗi mai bakin zaiba, ta danƙa masa. Ya buɗe baki zai yi magana, Najiba ta harare shi. Ya rufe bakin ya karɓa.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a buɗe. Zeinabou ta riga ta shelanta wa duk wani zauren mata da ke wayarta, daga Kano har Abijan. Tun azahar ta kasa zama. Ta share shagon sau biyu, ta raba wa maƙwabta dabino, ta canza ɗankwali sau uku kamar na'urar za ta gan ta. Najiba ta zo ta taya ta jira, suka jingina wayar da kwalbar humra suna ta ƙyalƙyala dariya ba dalili.

Ƙarfe uku da kwata Ɗalhatu ya kira ta bidiyo. Fuskarsa kaɗai ta ishe su labari.

"Hajiya, akwai matsala. An ƙwace ashanata."

Ya juya wayar. Wata ƙatuwar mace cikin kakin masu gadi tana tsaye a bakin ƙofar gilashi, ta rungume hannu. Madam Selestin, in ji shi. Ya ce a rufin ɗakin nan akwai wasu 'yan na'urori masu shinshina, in suka ji hayaƙi ko na sigari ɗaya ne, ƙararrawa za ta tashi, komai ya mutu, har bankunan tsibirin. "Ni kuma a sa ni a jirgi da jakata. Wallahi na so in faɗa miki tun a Dubai."

"Ba ta wayar," in ji Zeinabou.

Mutanen tsibirin suna jin Faransanci, ita kuwa a makaranta ta sha shi. Ta gaishe da matar, ta tambayi yara, ta ba ta labarin Inna, ta roƙa, ta ce minti ɗaya tak. Madam Selestin ta saurara da kyau, har ta dafa ƙirji. Sannan ta ce a'a.

Zeinabou ta zauna a kan buhun itacen sandal. Najiba ta ce a yi addu'a kawai a buɗe, ai Allah ya ga niyya. Zeinabou ta ce ta sani, amma ba za ta iya ba. Kowane shago nata Inna ce ke fara shiga. In wannan an hana ta, to a bar shi a rufe, khalas, shi ke nan, mata su yi ta dariyarsu. Ta ji hawaye na tahowa, ta juya kai don kada a gani, idonta ya sauka a kan wata abaya da ta rufa a kan kasko tun safe tana turara wa wata mai saye. Garwashin ya daɗe da mutuwa, amma ƙamshi na nan a jikin yadin.

Ta miƙe zumbur har wayar ta kife.

"Injiniya! Hayaƙi suka hana, ko ƙamshi?"

"Hayaƙi."

"To fita waje! Yalla! Nemo wuta!"

Abin da ya biyo baya, Najiba har yau in ta tuna sai ta riƙe ciki. Suna kallo Ɗalhatu ya tsallaka titi da gudu, hoton na rawa, teku na leƙowa yana ɓacewa. A gindin wata bishiyar kwakwa ya sami mai gasa kifi, ya roƙi garwashi uku a cikin ɓawon kwakwa. Ya jingina wayar da dutse, ya zazzage kwalbar kaf a kai.

"Yanzu lulluɓa da mayafin, ka tsuguna a kai."

"Hajiya, ni? Akwai yarana na aiki a nan!"

"Tsuguna, Baban Fahad!" in ji Najiba, hawayen dariya na zubo mata. "Ja shi har ƙasa, kada iska ta kwashe. Haka muke yi kullum, ka taɓa jin mun mutu?"

Injiniya guda, mai digiri biyu, ya tsuguna a bakin titi cikin shuɗin mayafi kamar amaryar da aka sa a lalle. Ma'aikata suka fito, mai kifi ta bar kifinta yana ƙonewa, kowa ya ɗaga waya. Daga cikin mayafin aka ji tari.

"Kada ka yi mini tari a kan turaren uwata!"

"Zan mutu, Hajiya!"

"Saura kaɗan. Juya bayanka ma ya samu."

Huɗu saura minti bakwai ya fito, ido jawur, yana tangaɗi. Madam Selestin ta tare shi a ƙofa, ta kakkaɓe mayafin, ta duba aljihunsa, ba wuta ba toka. Ta kai yadin hancinta. Ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta buɗe ƙofar, ta bi bayansa.

Zeinabou ta ga ɗakin shagonta a karon farko: dogayen akwatunan ƙarfe baƙaƙe, 'yan fitilu kore suna ƙiftawa, ga ƙugi kamar na injin markaɗe daga nesa. Ɗalhatu ya tsaya gaban na sha bakwai. Ya ce na'urorin ta gaba suke zuƙar iska su fitar ta baya. Ya ware mayafin da hannu biyu ya shiga kaɗawa, gefensa yana mannewa da ragar ƙarfen.

"Bismillahi," in ji Zeinabou. Ta faɗi abin da Inna ke faɗa a bakin kowace rumfa: Allah ya kawo mai saye da alheri, ya mai da shi gida da alheri. Najiba ta ce amin, ta saki guɗa. Mai shinkafa ya sake leƙowa.

Ƙarfe huɗu daidai Ɗalhatu ya danna abin da zai danna. Suka ƙura wa wayar ido. Minti ɗaya, biyu, shiru. Zeinabou ta fara cewa ko matan Kano barci suke yi, sai wayar ta yi ƙara.

Najiba ta riga ta fizgewa. "Ciniki! Cinikin fari! Daga ina ne wannan? Ma-ri-sal?"

Zeinabou ta karɓa. Sunan Selestin ne. Ashe a bayan durowar ta tsaya, inda iskar ke fita. Ba ta zaɓi ko ɗaya daga kwalaben da ke hoto ba, sai ta yi rubutu da Faransanci a wurin saƙo: irin turaren da ke jikin mayafin da mutumin nan ya yafa nake so.

Zeinabou ta karanta sau biyu. Dariya ta kama ta, kuka ya biyo baya, ta rasa wanne za ta fara gamawa. A can bakin titi, kusa da ɓawon kwakwa, kwalbar Inna na kwance ba komai a ciki.

"Ki ce mata ya ƙare mana," in ji Najiba a hankali. "Ki ba ta wani."

Zeinabou ta share ido da bakin ɗankwali. Ta dubi buhun sandal, ta dubi gwangwanin farcen haɗa turare da ke saman kanta.

"Cinikin fari ba a mai da shi," ta ce. "Najiba, miƙo mini turmin nan."